Firjin sola mara batir: abin da na gani cikin shekara uku

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da ke kusa da kogin Haɗeja, ta ɓangaren Auyo. Abokan aiki sun sha tambayata yadda na ji da firjin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana da aka kafa mana a farkon 2022, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Kafin zuwansa, duk ranar rigakafi sai mai babur ya yi sammako zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma da kula, ya ɗebo allurai da ƙanƙara, abin da ya rage a mayar kafin magariba. Jaririn da aka haifa washegari sai ya jira mako guda, alhali allurar ciwon hanta ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba shi da batir. Duk wanda ya yi amfani da sola ya san batir ne ke fara mutuwa, kuma shi ɓarayi ke nema. Wannan kuwa da rana ta fito injinsa zai tashi, ya daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa, in dare ya yi ƙanƙarar nan ce za ta riƙe sanyin. Allurai na buƙatar zama tsakanin digiri 2 zuwa 8. Zafi yana ɓata su, daskarewa ma tana ɓata wasu, irin su fenta, allurar nan da ke kare yara daga cututtuka biyar. Safe da yamma nake duba ma'auni in rubuta a takarda, kuma da wuya na ga ya kauce.

Ban san darajarsa ba sai a ambaliyar Satumban 2022. Ruwa ya cinye gonakin shinkafa, ya yanke hanya, ba a zuwa wajenmu sai a kwale-kwale. Kusan mako biyu babu babur ɗin da ya iso. Aka yi kwana uku hadari bai bar rana ta fito sosai ba, hankalina ya tashi ƙwarai. Kullum sai na ɗaga kwalabe ina duba ɗan tambarin nan da ke jikinsu, wanda murabba'in tsakiyarsa ke yin duhu in zafi ya taɓa allura. Ko ɗaya bai canza ba. Mutanen da gidajensu suka rushe sun cika makarantar firamare, yara a cunkushe, irin wurin da ƙyanda ke so. Da alluran da ke firjin nan muka bi su aji-aji muka yi wa waɗanda suka kai wata 9.

A cikin kwanakin ne aka kawo mini wata yarinya da tsakar dare, haihuwar fari, jini ya ɓalle bayan mabiyiya ta faɗo. Allurar oksitosin, wadda ke sa mahaifa ta tsuke, ita ma zafi yana rage mata ƙarfi, don haka a gwangwani daban mai rubutu nake ajiye ta a firjin. Na yi mata, na dinga murza mararta, Allah cikin ikonsa jinin ya tsaya. Uwarta ta riƙe hannuna tana kuka, ta kasa cewa komai sai "Allah ya biya ki, 'yar nan." Har yau in na buɗe murfin firjin sai daren nan ya faɗo mini.

Yana da nasa matsalolin. Da hunturu ƙura kan rufe faifan solar da ke kan rufi, sai an hau an goge duk mako, in ba haka ba injin ya dinga jinkirin tashi. Ma'aunin jikinsa ya taɓa daina nunawa, muka yi wata biyu kafin mai gyara ya zo daga birni. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, namu ba ya ba da wutar ko ƙwan fitila ɗaya: ga faifai a sama, amma da tocilan a baki nake karɓar haihuwa. Da azumi kuma sai an yi haƙuri da jama'a. Mai unguwa da kansa ya taɓa zuwa da ruwan leda, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, kowane buɗewa sanyin maganin jikokinka yake ragewa." Ya fahimta, har ya hana wasu.

Duk asibitin ƙauyen da zai samu, ina ba da shawarar a karɓa hannu bibbiyu. Sai dai a gina masa dakali mai tsayi in garin na bakin ruwa ne, a karɓi lambar mai gyara tun ranar kafawa, kuma a roƙi a haɗa da wata ƙaramar sola ta fitilar ɗakin haihuwa. Mu har yanzu wannan muke nema.