Su ma ana dauke musu ruwa, amma ana fada musu tun da wuri

Salam 'yan uwa na Kano. Tunda na zo Malesiya karatun kasuwanci tambayar da aka fi yi min ita ce wai da gaske ba a dauke wuta a nan, musamman Yaya da yake sana'ar kankara a Kurna shi kam duk waya sai ya tambaya. To da gaske ne, sai ka dade ba ka ga an dauke ba. Kamfanin TNB ne ke ba da wuta a bangaren da Kuala Lumpur take, kuma duk shekara suna fitar da wani lissafi da ake kira SAIDI, wato a hada mintocin da kowane mai mita ya yi babu wuta a raba da yawan masu mita, nasu ba ya cika awa 1 a shekara guda sukutum. Mu kuwa a Afrilun 2024 da hukumar NERC mai kula da wutar lantarki a Najeriya ta kai kudin 'yan Band A naira 225 kowane yunit, alkawarin da aka yi musu awa 20 ne a rana, kenan dan gatan cikinmu ma an yarda ya rasa awa 4 kullum.

Amma wlh ba wutar ce ta fi tsaya min a rai ba, ruwa ne, don shi yana daukewa a nan. A Satumbar 2020 wata masana'anta ta zubar da dagwalo a kogi a jihar Selangor, dole aka rufe matatun ruwa, gidaje sama da miliyan 1 suka shiga wahala. Kuma ko yanzu in za a yi gyaran bututu ana rufewa. Abinda ya bambanta shi ne kamfanin ruwa na Air Selangor zai sanar tun kwanaki kafin ranar, ga sunayen unguwanni, ga karfe nawa za a rufe ga lokacin da ake sa ran dawowa, a kuma turo tanka. Matar da ke sayar da abinci a kasan benenmu da yamma ta jera durom biyu da bokitai ta cika ta rufe da leda, washegari shinkafarta ta fito a kan lokaci kuma ba ta kara ko sisi a faranti ba. Mai abinci a Fagge fa, sai ta murda famfo ta ji iska sannan ta fara cigiyar dan garuwa, shi kuma ranar ya san ana nemansa.

A aji abinda ake ta nanata mana kenan, rashin sanin yaushe shi kansa kudi ne kuma wani ne zai biya. Mai kamfani a Sharada ko Bompai da bai san yaushe za a kawo wuta ba dole ya ajiye janareta, ya ajiye dizal, ya haka bohol, ya tara kayan aiki fiye da bukatarsa don tsoron mota ta makale a hanyar Legas, duk wannan jari ne ya kwanta ba ya juyawa, karshe mai sayen katan daya a Singa shi ke dauka.

Tumatir ma ya ban takaici. Nasu daga tsaunukan Cameron Highlands ake saukowa da shi kasuwar sari ta Selayang cikin kiret na roba, kiret yana zama kan kiret, nauyin a jikin robar yake ba a kan tumatirin ba. Namu na Kadawa da ya fi nasu dandano nesa ba kusa ba, a kwando ake labta shi wani kan wani, kafin a kai kasuwar Mile 12 a Legas na kasa ya zama ruwa, manomi ya yi asara mai saye ya sayi tsada. Haka waken mu, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da shi saboda yawan maganin kwari da aka samu a jiki, alhali da ana gwadawa tun daga sito da ba a kai ga haka ba. A nan ko soket za ka saya sai ka ga sitikar SIRIM, masu tantance ingancin kaya, a manne, kuma mutane suna dubawa kafin su biya.

Shi yasa nake so binciken digirina ya zama kan kananan masu sana'a na Kano. Yaya don Allah ka samu karamin littafi, duk sanda aka kawo wuta ka rubuta lokaci, aka dauke ka rubuta, da litar dizal din da ka zuba da kankarar da ta narke, na wata daya kawai. Masu walda da teloli da masu injin markade da za su iya yin haka su ma ina so, a dauki hoton shafin a turo min ta WhatsApp.