Dardumar Tibet: Juya Bayanta Kafin Ka Yi Ciniki

Yawancin dardumar ulu da ake sayarwa da sunan Tibet, a Nepal ake saƙa ta. 'Yan gudun hijirar da suka baro Tibet daga 1959 ne suka kai sana'ar kwarin Katmandu, babban birnin Nepal, inda aka kafa masaƙar Jawalakhel a 1960. Wannan ba aibi ba ne, don ƙullin na nan yadda yake: masaƙi ya naɗe ulu a jikin zaren tsaye da wata siririyar sandar ƙarfe, in layi ya cika ya bubbuga shi ya zauna, sannan ya bi bayan sandar da wuƙa ya tsaga. Kaurin sandar ke yanke tsawon gashin darduma.

To, juya ta. Ta ƙullin hannu zanenta na fitowa sarai a baya, tuntayen bakinta kuma ƙarshen zaren tsaye ne. In ka ga an manne baya da yadi, harba ulun aka yi da na'ura aka riƙe shi da gam. Tana da araha, amma gam ɗin na bushewa ya dinga zubar da gari, gashi ya bi shi.

Ana ƙirga ƙulli a murabba'in inci. Mai 60 kauri gare ta da laushi, ta dace da manyan zane da falo mai yawan shige da fice. Mai 100 ta fi fitar da ƙananan furanni. Mai 150 ta ado ce, galibi da siliki. Sa ma'auni a baya ka ƙirga da kanka: goma tsaye, goma kwance, 100 ke nan.

Amma ulu ya fi ƙulli muhimmanci. Na tumakin tsaunukan Tibet dogon gashi ne mai maiƙo, ba ya saurin kama datti, kuma yana ƙara sheƙi da tsufa. In kaɗin hannu ne, rini ba ya kama shi bai ɗaya, sai ka ga launi na ɗan sauyawa. Kyau ne, ba kuskure ba. Na Niyu Zilan ya fi fari da laushi, masaƙu da yawa kan gauraya su. Tambayi kason kowanne. Gara mai 60 ta ulu nagari da mai 100 ta busasshen ulu.

Yi hattara da abin da ake kira silikin gora. Ba siliki ba ne, ruwa kaɗan ke bar masa tabo. Ƙona zare ɗaya: siliki ƙaurin gashi yake yi, na gora ƙaurin takarda. Rini kuwa, goga farin ƙyalle mai danshi. In ya ɗauko launi, bar ta.

Nemi tambarin GoodWeave, shaidar cewa ana duba masaƙar don hana bautar da yara. In asalin fasalin Tibet kake so, tambayi khaden, shimfiɗar zama da kwanciya mai kimanin santimita 90 da 180, wadda garin Gyantse na Tibet ya yi suna a kanta.