GARGAƊI: mai haɗa kejin kaji a Facebook ya cinye min N180,000

Jama'ar Legas, musamman mu na Agege da Idi-Araba da Mile 12, dan Allah ku karanta. Wallahi har yanzu jikina rawa yake don baƙin ciki. Dubu ɗari da tamanin! Kuɗin adashina ne da na ɗauka don in ɗan fara kiwo a bayan gida, mai gidan hayarmu ma da ƙyar ya yarda ya ba ni lungun da ke kusa da tankin ruwa.

Kuma kar wanda ya zo yana ce min na yi garaje. Ban yi ba. Mutumin nan ya san aikin. Shi ya fara ce min "Hajiya, a Legas ba a ajiye akurki a ƙasa, damina za ta jiƙa ɗiɗɗigar katakon da kika shimfiɗa, kaji su kama mura, sai an ɗaga shi a kan ƙafafu." Ya ce raga mai ƙananan ido zai sa saboda ɓeraye, ya shafa wa katako baƙin mai don gara, rufin kwano ya ɗan zazzago yadda feshin ruwa ba zai shiga ba, gefe biyu a buɗe saboda iska. Duk gaskiya ne, na tambayi masu kiwo sun ce haka ake yi. To wa zai ji wannan ya ce ɓarawo ne?

Har bidiyo kol muka yi, ga kejuna jere a bayansa. Muna cikin magana ya ce "Hajiya bari in yi la'asar in kira ki," kuma ya kira. Wannan kiran shi ya kwantar min da hankali, shi ne kuma yake ta dawo min. "Ni ɗan'uwanki ne, a garin mutane muke, ba zan ci amanarki ba." Da Hausarsa tas. Ɗan'uwanki fa!

N120,000 na fara turawa kafin alƙalami. Kuɗin motar kawo kejin ne na ƙarshe, N20,000, wai direba yana Oshodi go-slow ya riƙe shi, ni ina tsaye a bakin get kamar mai jiran amarya. Kafin nan akwai N40,000 da ya ce raga ta tashi a kasuwa, ita ce ma baban yara ya ce anya kuwa, na ce ai kowa ya san kaya na tashi kullum. 120, 40, 20. N180,000 cif.

Daga ranar motar waya a kashe, WhatsApp ya yi min bulok. Ƙanina ya bi adireshin da ya bayar wajen Ebute Metta, kusa da 'yan katako. Shagon na nan, kejunan na nan, amma mai shagon wani dattijo ne daban, ya ce yaron ya taɓa zuwa a matsayin mai saye yana ta ɗauke-ɗauken bidiyo, kuma ba ni ce ta farko da ta zo nema ba. Sunan da ke kan akawun ɗin ma daban da na shafin, lokacin mai kejin cewa ya yi na matarsa ne. Banki sun ce sai na kawo takarda daga 'yan sanda.

Ga 'yan tsaki na riga na yi oda daga Ibadan sun iso, suna cikin kwali a baranda, ina kwana kunna musu gawayi, maƙwabta sun fara maganar wari.

Sikirinshot na cat ɗinmu, rasit na transfa uku da muryoyinsa duk suna wayata, zan ɗora in ƙanina ya rufe lambobina. Ban yafe ba, Allah ya isa.

Kar ku tura wa mai keji ko sisi a intanet. Ku sayi katakonku da ragarku, kafinta ya zo gida ya buga kuna gani. Wanda ya san kafinta a Agege da zai iya zuwa cikin satin nan ya yi min magana.