Ƙaramin Otal na Alfarma a Tsohuwar Jidda: Abin da Baƙo Zai Tarar

Yawancin Hausawan da ke sauka a Jidda wucewa kawai suke yi, daga filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz sai jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, ya kwashe su zuwa Makka ko Madina. Mu mazauna garin kuwa, idan baƙo ya nemi masauki, dogayen otal-otal na bakin teku muka saba nuna masa. A wannan karon, bayan kawuna da mai ɗakinsa sun kammala Umara, na sauke su a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen unguwar Balad, wato Tsohuwar Jidda, da aka gyara aka mayar da su ƙananan otal-otal na alfarma, ni ma na kama ɗaki tare da su. Hukuncina shi ne, kuɗin da mutum ke bayarwa a nan kuɗin gidan ne da unguwar, ba na sauƙin zama ba.

An gina gidan da dutsen murjani da ake haƙowa daga gaɓar Bahar Maliya, aka jera katakai a tsakanin sahun duwatsun don su riƙe nauyi, kamar yadda azara take riƙe soro a cikin birnin Kano. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne rawashin, wato tagogin katako masu sassaƙa waɗanda suka turo kai waje, kuma suna daga cikin abubuwan da suka sa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka unguwar a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014. A ɗakina an shimfiɗa katifa da matasai a cikin tagar, ta yadda mutum zai zauna yana kallon masu wucewa ta ƙananan ramukan katakon ba tare da an gan shi ba, iskar yamma kuma tana ratsowa. Masu gyaran sun yi aiki da hankali, domin sun ɓoye na'urar sanyaya ɗaki da wayoyin lantarki, banɗakin na zamani ne mai bututun tsarki, sannan ga dadduma da alamar alƙibla ba sai an tambaya ba.

Hidimar ma'aikata ita ce ta fi kwanta mini a rai. Da yake ɗakunan ba su da yawa, sun san kowane baƙo da fuska. Matashin da ya tarbe mu da gahawa da dabino jikan Hausawan Makka ne, kuma da ya ji muna magana sai ya rusuna ya ce wa kawu, "Baba Alhaji, sannunku da hanya, Allah ya karɓi ibada." Daga nan bai sake barin tsohon ya ɗauki ko da ledar magani ba. Karin kumallo irin na Hijaz ne: ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi, da ma'asub, wanda ake dama ayaba da burodi da zuma. Yana da daɗi ƙwarai, sai dai kusan abu guda ne kowace safiya.

Da zarar an fita ƙofa, komai da ƙafa ake zuwa. Ga Masallacin Shafi'i, ga Kasuwar Alawi inda Hajiya ta gama tsarabarta ta turaren wuta da jallabiya, ga kuma Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya shigo Jidda a 1925. Ta waɗannan lunguna ne mahajjatan da suka sauko daga jirgin ruwa suke bi zuwa Bab Makka, wato ƙofar garin da ake fita ta nufi Makka, har da kakanninmu da suka tsallako daga Suwakin ta Sudan, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa Bahaushe ya taka wurin da natsuwa.

Amma akwai abubuwan da dole a faɗa. Gidan ba shi da lif, matakalarsa ƙunci gare ta kuma tana da tsayi, wanda hakan wahala ce ga mai ciwon gwiwa irin kawu. Mota ba ta isa bakin ƙofa, sai a sauka a bakin titi a ƙarasa da ƙafa, ma'aikaci yana jan akwati. Unguwar kuma ba ta cika sai bayan sallar isha'i, don haka hayaniyar 'yan kasuwa da masu yawon buɗe ido tana shigowa ta tagogin nan har tsakar dare. Farashin ma ya zarce na otal-otal da dama masu wurin ninkaya da faffaɗan ɗaki, kuma yana da kyau a tambaya ko an riga an haɗa da harajin kashi 15 cikin 100 kafin a biya.

Ba zan kai iyali masu ƙananan yara da yawa wurin ba, haka ma mai keken guragu. Ma'aurata kuwa, ko wanda ya gama ibada yana son ya huta kafin jirginsa, zan tura su da zuciya ɗaya, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da zafi da gumin Jidda suke sassautawa. Wanda zai je da dattijo ya kama wuri da wuri, kuma ya dage a ba shi ɗakin da ya fi kusa da ƙasa.