Hesitation Marks: Waƙa Ɗaya Ta Kusa Ɓata Mini Faifai Guda

Waƙoƙi 14 ne a Hesitation Marks, faifan nan na ƙungiyar kiɗan rock ta Amurka Nine Inch Nails, tsawonsu ya ɗan haura awa guda, amma duk wanda ya ga rigimar da masoyan Nine Inch Nails suka yi a 2013 ya san a kan minti uku da 'yan daƙiƙoƙi aka yi ta. Waƙa ta bakwai, "Everything". Da na ɗauki waya zan rubuta sharhin nan niyyata in bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya kamar mutumin kirki, to amma na san halina, ko ta ina na biyo can zancen zai karkata.

Bari in fara sauke na mai sayarwa. Mai faifai biyu na saya, wanda ake cewa na musamman, don na gaji da jin kundin a waya, ina so in riƙe abina a hannu. Kun dai san yadda kuɗin kawo kaya daga waje ya koma, ba sai na tayar muku da hankali ba. Ba zan kama sunansa ba, amma ya ja mini rai har na fid da tsammani, kuma da kayan ya iso gefen kwalin a lanƙwashe yake. Na yi masa magana, wai ai ba kwali zan saurara ba. To, Allah ya kyauta.

Abin da bawan Allahn nan bai sani ba, kwalin yana cikin abin da na biya wa kuɗi. Russell Mills ne ya yi zanen da ke jikinsa, kuma shi ne ya yi na The Downward Spiral a 1994, kundin da ya mayar da Trent Reznor, mawaƙi kuma jagoran ƙungiyar, abin da ya zama. Daga nan ma rigimar ta samo tushe. A watan Satumba na 2009 Reznor ya yi wasan bankwana a Los Angeles ya jingine hawa dandali da sunan Nine Inch Nails. Ya yi aure, ya koma yi wa fina-finai kiɗa shi da Atticus Ross har suka ɗauki kyautar Oscar a 2011, ya kafa wata ƙungiyar daban, How to Destroy Angels, tare da matarsa Mariqueen Maandig. Da yawanmu mun riga mun shafa fatiha. Kwatsam a watan Mayun 2013 ya fito ya ce ai ya jima yana aiki a ɓoye, sabon kundi ya kammala. Da aka ga hannun Mills a jikin kwali, kowa ya yanke wa kansa hukunci cewa za a koma 1994 ne, wato kiɗan nan na ƙarfe na dukan ƙarfe, inji na nishi, jita na tsawa, mutum ɗaya a tsakiya yana ihu kamar ransa zai fita.

Ba a koma ba. Kuma ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan. "Copy of A" ta fara da ɗan sautin na'ura siriri mai maimaita kansa, ana ta ɗora masa kaya a hankali, har ka farga ƙafarka na motsi ba da izininka ba. Lindsey Buckingham na ƙungiyar Fleetwood Mac ya taɓa jita a cikinta, ko da yake sai ka kasa kunne sosai za ka tsinkayo shi. "Came Back Haunted", wadda aka fara saki a watan Yuni, daraktan fina-finai David Lynch ne ya yi mata bidiyo mai walƙiyar da har sai da aka sa gargaɗi ga masu farfaɗiya. "Find My Way" ta natsu ƙwarai. "All Time Low" kuwa tana da wani irin taku mai yanga wanda ban taɓa zaton zan ji a bakin mutumin nan ba, kuma ya dace da shi. An rage hayaniya an bar fili tsakanin sauti da sauti, ganga busasshiya, murya a kusa da kunne. Har zuwa waƙa ta shida ba ni da ƙorafi.

Ranar da faifan ya iso na bari sai da gida ya yi tsit, na zura shi a tsohuwar kwamfutata, na toshe kunnuwa da abin ji, na kashe fitila. Na san ta bakwai tana nan tafe, na sha jin ta, amma na ce yau zan ba ta haƙƙinta, in ji ta a mazauninta ba tare da na tsallake ba. Ta shida ta ƙare a cikin wani duhu mai daɗi, sautin yana narkewa. Sai ga ganga ta faɗo da gudu, jita tana ƙyalli, muryoyi biyu uku sun haɗu suna rera wa juna cikin annashuwa, Reznor yana shelar cewa ya tsallake komai, ya rayu. Wallahi tamkar ana zaman makoki wata ta shigo ta rangaɗa guɗa. Na zare abin kunnen na ajiye. Washegari na sa ta a lasifika ko a fili za ta fi shiga, ƙanwata tana shara a tsakar gida ta leƙo ta taga ta ce, "Yaya, wannan kuma ta waye? Ita kaɗai ce mai daɗi a cikin kayan hayaniyar nan taka." Ban ba ta amsa ba. Mutumin da ya ɗauki The Downward Spiral a gidan da aka yi wa 'yar fim Sharon Tate kisan gilla, yau shi ne ake shara da waƙarsa ana kaɗa kai.

Haka ta yi wa mutane tun ranar da aka fara sa ta a gidan rediyon BBC a watan Agustan 2013, kafin kundin ya fito. Masoya suka dare gida-gida. Akwai waɗanda suka rantse wasa ne, Reznor yana zolayar jama'a, ta gaske tana tafe. Akwai masu cewa aure da haihuwa da Oscar sun cinye shi, ƙoshi ya kashe masa kaifi. Wasu suka ce ai kwaikwayon ƙungiyar The Cure ta Ingila ne, kuma bai iya ba. Sai 'yan tsiraru da suka tsaya mata, suna cewa a saurari amshin da kyau, jitar da ke wurin a karkace take, tana ƙara mai ɗaci, farin cikin na saman baki ne kawai, a ƙasa akwai mutumin da bai yarda da lafiyar da ya samu ba. Wani ma daga baya ya yi waƙar barkwanci yana kwaikwayon yadda Reznor ke gina waƙa, daga raɗa zuwa ihu, ta zaga intanet, har mu masoyan muka yi dariya don ya kama shi daidai.

Masu zancen ƙoshi su ne suka fi ba ni haushi, kuma har gobe ba na tare da su. Me ake so da mutum? Reznor na shekarun 1990 mara lafiya ne, giya da ƙwaya sun kusa kai shi kabari, bai rabu da su ba sai a 2001. A 2013 shekararsa 48, yana da mata da 'ya'ya. Wanda ya zauna a ɗakinsa lafiya lau yana neman wani ya koma bakin rami don ya samar masa waƙar da zai ji daɗi, wannan ba masoyi ba ne. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to waɗannan shekara goma sha tara suka tuna. Kundin gaba ɗaya ma ai zancensa ke nan, dattijo ya waiwaya yana kallon saurayin da ya taɓa zama, yana tsoron kada ya dawo. In ya ga dama ya yi murnar tsira, haƙƙinsa ne.

Na rubuta wannan ina jin kaina mai adalci, sai na sake sa faifan, ta bakwai ta sake zuwa, raina ya sake ɓaci. Don haka bari in faɗi tawa. Ni ba murnar ce ta dame ni ba, wurin da aka dasa ta ne, da kuma yadda aka yi ta. Tsakiyar kundi cif. An ɗauki kusan rabin awa ana saƙa wani yanayi zare-zare, sai a yanke shi da almakashi, sannan a ce ka koma ciki a ta takwas kamar ba a yi komai ba. Kuma ba zato nake yi ba, Reznor da kansa ya bayyana cewa "Everything" da "Satellite" an fara rubuta su ne don wani kundin tattara fitattun waƙoƙi da tsohon kamfaninsa Interscope ke bin sa, daga nan ne aikin ya faɗaɗa ya zama sabon kundi. To ai ga shi nan. Waƙa ce da aka ɗinka wa wata riga daban. "Satellite" ta saje, ita kuwa ta ƙi. Muryar ma a baitocin sama-sama take, ba ta zauna ba, kamar mai rerawar bai gama yarda da abin da yake faɗa ba, kuma ban karɓi hujjar masu cewa da gangan ne ba. Komai aka yi ba daidai ba sai a ce da gangan ne. In da gaske suna alfahari da ita, me ya hana su rera ta a rangadin da suka yi na wannan shekarar? Sun fito da Pino Palladino a jitar bas, sun ɗauko 'yan amshi mata biyu, Lisa Fischer da Sharlotte Gibson, sun rera yawancin sabbin waƙoƙin, ita suka bar ta a gida.

Tunda an taɓo tsohon ciwo, akwai maganar Columbia. Mutumin nan ne a 2007 ya tsaya a kan dandali a Ostareliya ya ce wa jama'a su saci waƙoƙinsa saboda tsadar da kamfani ya sa musu. Ya bar Interscope a shekarar, ya saki The Slip kyauta a 2008, muka yi ta tafi muna cewa ga ɗan halak. Sai ga Hesitation Marks ya fito ta hannun Columbia, babban kamfani. Masoya da yawa sun kira shi mai tuban muzuru. Ni a nan na sassauta, don tallata kundi a duniya ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma kundin ya shiga jadawalin Billboard na Amurka a matsayi na 3, ka ga dabarar ta yi aiki. Wanda ya fi tsaya mini shi ne zancen sauti iri biyu. An fitar da na kowa da kowa, mai ƙarfi, wanda aka matse don ya yi amo a waya da mota, sannan aka yi wani na daban wai na masu kunnen ƙwarai, wanda waɗanda suka saya ta shafin ƙungiyar suka samu. Ma'ana faifan da ke hannuna, da duk tsadarsa, na kowa da kowa ne. Masu auna sauti da na'ura sun yi ta gardama cewa bambancin ma bai taka kara ya karya ba. Ko ma dai yaya ne, in ka san akwai wanda ya fi, sa shi a faifan mana.

Amma fa kada wani ya karanta wannan ya fasa. Daga ta tara zuwa ƙarshe kundin ya dawo hayyacinsa, har ya fi farkon. "Various Methods of Escape" ita ce wadda zan miƙa wa duk mai cewa Reznor ya mutu. "In Two" ta ba masu neman hayaniya rabonsu, ta yi tsit a tsakiya, ta sake fashewa. "While I'm Still Here" kuwa a hankali take tafiya, ga wani busan saksofon gajere-gajere a ƙarshenta da ke zamewa cikin "Black Noise", inda ƙarar ke ta kumbura har ta haɗiye komai. A nan na ji tsigar jikina ta tashi, na manta da mai sayarwa da kwalinsa. Alan Moulder, wanda ya yi aikin haɗa sautin tare da su, ya san inda zai ajiye kowane ɗan ƙwas da ƙis, abin kunne mai kyau ne kawai zai nuna maka. Masu kukan a dawo da tsawa sun samu nasu daga baya a Not the Actual Events na 2016 da Bad Witch na 2018, kuma abin dariya, a lokacin ne wasunsu suka fara cewa ashe na 2013 ba laifi.

Taurari huɗu na yi niyyar bayarwa, na tuna ta bakwai na cire rabi, na tuna faifai na biyu na kusa cire wani rabin. Waƙoƙi uku ne kacal a cikinsa, waɗanda aka ba wasu suka sake wa fasali, ciki har da mawaƙi Todd Rundgren, kuma babu wadda na ji sha'awar in maimaita. Wanda zai saya ya sayi mai faifai ɗaya ya riƙe canjinsa, ya kuma ce wa mai kawo masa ya naɗe kwalin da kyau. Uku da rabi.