Wata biyu ina ɗiga tataccen man ƙamshi a ruwan wanka

Kwalabe uku ne a akwatin da na saya, kowace mililita 10: labanda (wani fure mai ƙamshi), na'a-na'a, da man itacen turare. Rashin barci ne ya kai ni gare su. Takardar da ke ciki ta ce a ɗiga biyar zuwa takwas a bahon wanka, iyakarta ke nan. Wannan gajeren umarni shi ne babban laifin kayan, kuma tun daren farko jikina ya gaya mini.

Da na'a-na'a na fara, don ƙamshinsa ya fi kwanta mini a rai. Na ɗiga takwas, na kaɗa ruwan da hannu, na shige. Ko minti biyu ban yi ba, bayana da cinyoyina suka ɗauki wani irin raɗaɗi, kamar an ɗora mini ƙanƙara da garwashi a lokaci guda. Ban san sanda na fito ba. Fatar ta yi ja har wayewar gari.

Ashe mai ba ya haɗuwa da ruwa, komai kaɗawarka. Ɗigon yana nan yana yawo a sama da cikakken ƙarfinsa, inda ya taɓa fata nan yake mannewa, ɗumin ruwan kuma ya ƙara masa kaifi. Sinadarin mentol da ke cikin na'a-na'a shi ke kawo wannan sanyi mai ƙuna, shi ya sa bai dace da wankan baho ba sam. Man kirfa da na kanumfari ma sahunsu ɗaya, har sun fi shi zafi. Na ga masu cewa a cuɗa man da gishirin wanka. Gishirin narkewa zai yi ya bar man tsirara a saman ruwa, an koma gidan jiya.

Yanzu ga yadda nake yi: ɗigo biyar na labanda a cikin babban cokali ɗaya, wato kimanin mililita 15, na sabulun ruwa marar ƙamshi, in juya sosai, sai baho ya cika sannan in zuba. Man kwakwa ko na johoba ma suna tsarma shi, amma suna barin baho da santsi, saura ƙiris in kifa rannan. Kafin in koma wankan kuma sai da na shafa ɗan haɗin a cikin damtsena, na jira kwana ɗaya na ga bai tayar mini da komai ba.

To, labandar tana aiki? Tana yi, amma ba yadda masu talla ke kururutawa ba. Minti 15 cikin ruwa mai ɗumi, kamar awa ɗaya da rabi kafin in kwanta, kafaɗuna su saki, tunanin yini ya lafa. Sai dai na gwada wankan ba tare da man ba har dare huɗu, barcin kuma ya zo kusan yadda yake zuwa in na sa man. Ruwan ɗumi shi kaɗai yana buɗe jijiyoyin jini na fata, jiki ya huce bayan an fito, wannan hucewar ce ke janyo barci. A ganina rabin ladan na ruwa ne. Aikin ƙamshin shi ne ya zame mini alamar cewa yini ya ƙare, ban kuma raina hakan ba.

Man itacen turare sau uku na yi amfani da shi, lokacin mura. Hanci yakan ji kamar ya buɗe na ɗan lokaci, murar dai sai da ta cika kwanakinta. Wannan kwalbar ce na fi ɓoyewa, domin ƙaramin yaro in ya haɗiye ko kaɗan ne abin na iya kai wa ga asibiti, ba a kuma sa shi a wankan jarirai. Masu kyanwa su ma su kula, hantarta ba ta iya sarrafa irin waɗannan mayuka. Mai juna biyu ko mai asma kuwa, ta fara jin ta bakin likita.

Kwalaben masu duhu ne, murfinsu na ɗiga daidai, ƙamshin bai canja ba har yau. Labandar ta kusa ƙarewa, zan sake sayenta ita kaɗai. Na'a-na'ar tana nan kusan cike, sai dai in ɗiga ɗaya a hankici in shaƙa.