Daga Madina zuwa Makka da iyali: jirgin ƙasan Haramain ko jirgin sama?

Duk magidancin da ya ƙudura kai iyalinsa Umara a lokacin hutun makaranta, bayan ya gama da batun biza da masauki, akwai tambayar da dole ya amsa, wato yadda zai kwashi mutanensa daga wannan birni mai alfarma zuwa wancan. Tsakanin Makka da Madina tafiya ce ta kusan kilomita 450, kuma hanyoyi uku ne a gaban mutum: mota, jirgin sama, ko jirgin ƙasa mai matuƙar gudu da ake kira Haramain. Mota dai na cire ta daga lissafi tun muna gida, domin a ayarina akwai mahaifiyata wadda gwiwoyinta ba sa jure dogon zama, da maiɗakina, da yara waɗanda ƙaraminsu bai daɗe da fara tafiya ba. Sauran biyun kuwa mun shiga su a tafiya guda: jirgin sama daga Jidda zuwa Madina ranar da muka sauka daga Kano, sannan jirgin ƙasa daga Madina zuwa Makka. A ganina jirgin ƙasa ya fi dacewa da mai iyali nesa ba kusa ba, sai dai yana da sharaɗi guda mai nauyi, wanda ya shafi kaya, kuma wanda bai shirya masa ba zai ji a jikinsa da aljihunsa.

Abin da yake jan hankalin mutane zuwa jirgin sama shi ne abin da aka rubuta a kan tikiti, cewa tsakanin Jidda da Madina tafiyar kimanin awa guda ce. Wannan gaskiya ne, amma awar ta zaman cikin jirgi ce kawai. Kafin a kai ga kujera sai an bi layin awon kaya, an bi layin bincike inda ake cire bel da agogo, ana karɓe gorunan ruwan yara, sannan a zauna jiran kira a bakin ƙofa. Mu a namu jirgin, wanda ba zan ambaci kamfaninsa ba, an ɗage lokacin tashi, kuma da aka kira mu sai aka zuba mu a bas aka kai mu gindin jirgi, inda Hajiya ta hau matakala ɗaya bayan ɗaya tana riƙe da kafaɗata, jama'a na tsaye a bayanmu suna jira. Kujerunmu ma a warwatse suka fito, sai da wani bawan Allah ya yi mana kara ya sauya wuri kafin uwa ta zauna kusa da ɗanta. Da jirgin ya fara sauka kunnen yaron ya toshe, ya yi ta tsala kuka har muka taɓa ƙasa. Bayan nan ga jiran akwatuna, ga neman motar da za ta ɗauke mu daga filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz zuwa masauki. Tafiyar da aka ce ta awa guda ce, sai da ta cinye mana rabin yini.

Duk da haka akwai abin da jirgin saman ya yi mana wanda ya cancanci a faɗa. Da yake tikitin a haɗe yake da wanda ya ɗauko mu daga Kano, nauyin kayan da aka yarje mana tun daga gida shi ne ya bi mu har Madina, ba mu biya ko riyal ɗaya na ƙari ba, kuma babu wanda ya auna tsawon akwatinmu ko faɗinsa. Ga mutanen da suka kwana a hanya, yara suna layin barci, wannan sauƙi ne babba.

Amma idan aka juyo daga Madina za a nufi Makka, lissafin yakan sauya gaba ɗaya, saboda wani dalili da masu zuwan fari da yawa ba sa lura da shi: birnin Makka ba shi da filin jirgin sama. Wanda ya hau jirgin sama daga Madina, a filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda zai sauka, daga nan kuma sauran tafiyar kusan kilomita 100 ce a gabansa, ko dai ya ɗauki shatar mota, ko kuma ya shiga wannan jirgin ƙasan da ya guje wa tun farko. Ke nan mutum zai sha duk wahalar filin jirgi sau biyu, wajen tashi da wajen sauka, yana sanye da harami, sannan ya tarar bai iso ba tukuna. Jirgin ƙasa kuwa yana ɗaukar mutum daga cikin Madina ya sauke shi a unguwar Rusaifa da ke cikin Makka, wadda tazararta da Harami ba ta wuce 'yan kilomitoci ba.

Sarki Salman ne ya ƙaddamar da wannan layin dogo a watan Satumba na 2018, aka fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na shekarar. Tashoshinsa biyar ne: Makka, da Sulaimaniyya a cikin Jidda, da filin jirgin saman Jidda, da Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai Madina. Jiragen ƙirar kamfanin Talgo ne na ƙasar Sifaniya, da lantarki suke aiki, suna gudun da ya kai kilomita 300 a awa, kuma kowane ɗaya yana da kujeru 417, daga ciki 113 na ajin manya ne, 304 na gama-gari. Domin wanda ya saba da jirgin Abuja zuwa Kaduna ya gane bambancin, wancan layin kilomita 186 ne kuma yakan ci awa biyu da wani abu, shi kuwa wannan yana haɗiye fiye da ninkinsa biyu a kusan lokaci guda. Ba kowane jirgi ne yake tsayawa a kowace tasha ba, saboda haka ya kamata mai sayen tikiti ya duba lokacin isowa tare da lokacin tashi, don wani yakan isa cikin awa biyu da 'yan mintoci, wani kuma ya doshi awa uku.

Tikitin na saye shi ne ta manhajar jirgin Haramain a waya tun kafin mu baro gida, na shigar da sunan kowa da lambar fasfonsa, na kuma zaɓi kujerunmu a jere a tarago ɗaya. Wannan kaɗai ya ɗauke mini fargabar da na sha a jirgin sama. Kuɗin yana hawa da sauka gwargwadon lokaci da aji, na yara bai kai na manya ba, kuma a watan azumi, musamman goman ƙarshe, kujeru sukan ƙare da wuri, don haka ba abu ne da za a bari sai ranar tafiya ba. Da na haɗa abin da muka biya na kwatanta shi da kuɗin jirgin sama zuwa Jidda haɗe da shatar motar da za ta ɗauke mu duka zuwa Makka, jirgin ƙasa ne ya fi sauƙi.

Akwai batun miƙati, wanda shi ne ya fi damun maiɗakina kafin mu taso. Miƙatin mutanen Madina shi ne Zul Hulaifa, wanda alhazai suka fi sani da Bi'ir Ali, kuma jirgin ƙasa ba ya tsayawa a can. Masu tafiya sun kasu biyu: wasu sukan yi wanka su ɗaura harami a masauki, su bari sai jirgi ya zo daidai da miƙati su yi niyya, wasu kuma sukan fara zuwa masallacin a mota, su yi nafila su ɗauki niyya, sannan su wuce tasha. Mu na biyun muka bi, domin Hajiya ta ce ita hankalinta ba zai kwanta ba sai ta taka wurin da ƙafarta. Wanda zai yi haka ya sani cewa masallacin yana kudu maso yammacin gari, tasha kuma tana gabas, don haka sai ya ware isasshen lokaci, ya kuma yi ciniki da direba a kan zango biyun tun kafin a ɗaga. Jirgin ba ya jiran kowa, kuma ana rufe ƙofar shiga kafin lokacin tashi. A jirgin sama wannan matsala ta fi tsanani, domin ana wuce miƙatin ne cikin ɗan lokaci bayan tashi, sa'ad da kowa yake ɗaure a kujerarsa.

A tashar Madina an saka kayanmu a na'urar bincike, amma layin bai kama ƙafar na filin jirgi ba, kuma ba a raba yara da ruwansu ba. Akwai masallaci, da makewayi mai tsabta, da na'urar hawa bene, har muka tura Hajiya a keken guragu zuwa bakin tarago ba tare da ta taka matakala ko ɗaya ba. A ciki kuwa wurin miƙe ƙafa ya wadatar, sanyi ya yi daidai, kuma babu wanda ya ce yaro ya zauna a ɗaure. Ƙaramin ya yi ta kai da komo a tsakanin kujeru, manyan suka zuba ido a kan allon da yake nuna gudun jirgi suna jiran su ga ya kai 300, sannan na kai su taragon sayar da abinci muka sayo shayi da burodi. Jirgin ba ya girgiza yadda mutum zai zata, shayin da ke kan ɗan teburin gabana bai zube ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kusan rabin taragon fararen harami ne, kuma da wani ya ɗaga murya da talbiyya sai saura su amsa, har yaran suka haddace ta kafin mu kai Jidda. Hajiya ta daɗe tana kallon duwatsu da rairayi ta taga, can ta juyo ta ce mini, "Ikon Allah! Shekarar da muka zo da mahaifinku, a mota muka wuni a hanyar nan, ba mu shiga Makka ba sai tsakar dare." Na ce, "Hajiya, yau in Allah ya yarda kafin La'asar kina gaban Ka'aba." Haka kuwa aka yi.

Sharaɗin da na ambata shi ne ƙa'idar kaya. Kowane fasinja an yarje masa babbar jaka ɗaya wadda nauyinta bai wuce kilo 25 ba, girmanta kuma bai wuce santimita 65 da 55 da 35 ba, sai ƙaramar jakar hannu. Duk wanda ya san yadda mutanenmu suke tafiya ya san wannan awo bai ɗauki manyan akwatunanmu ba, balle buhunan Ghana-must-go da ake ɗurawa har zik ya ƙi rufuwa. Madina kuma gari ne da hannu ba ya tsayawa: ga dabinon ajwa, ga darduma, ga jallabiya da abaya, ga turare, kuma kowace gwaggo da kowane maƙwabci yana da kaso a cikin tsarabar. Ƙa'idar ba ta rasa hujja ba, domin wurin ajiye kaya a kowane tarago ɗan kaɗan ne, kuma jirgin da yake tsayawa 'yan mintoci a tasha ba zai iya jiran lodi ba. Mu dai tun da na karanta sharaɗin a wajen sayen tikiti, sai na yi magana da kamfanin da ya shirya mana tafiya, aka tura manyan akwatunan a motar kaya tun daren jajibiri, muka shiga jirgi da ƙananan jakunkuna. Kuɗin wannan motar ya ci wani kaso na rarar da muka samu a tikiti, kuma dole mai lissafi ya saka shi a ciki. Wanda ya iya danne zuciyarsa ya jinkirta sayayya sai ya isa Makka ko Jidda, shi ne zai ci ribar jirgin ƙasa cikakkiya.

Saukar Makka ita ma tana da nata ɗan aiki. A bakin tasha akwai bas da tasi, kuma wasu direbobin da zarar sun ga baƙo da harami da yara sai su ninka kuɗi, saboda haka a daidaita farashi kafin a loda jaka. Idan isowar ta zo daf da lokacin salla, hanyoyin da ke kewaye da Harami sukan cushe, wasu ma a rufe su, mota ta sauke mutum nesa da masaukinsa. Mai tafiya da tsoho ya zaɓi jirgin da zai iso da hantsi ko tsakanin salloli.

Tun muna Madina na kai yaran tsohuwar tashar jirgin Hijaz da ke Anbariyya, wadda yanzu gidan tarihi ce. Layin da Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya sa aka shimfiɗa daga Dimashƙa ya iso Madina a 1908, da nufin ya zarce Makka, amma bai taɓa ƙarasawa ba, Yaƙin Duniya na Farko kuma ya lalata shi. Sai bayan shekara 110 aka samu jirgin ƙasan da ya haɗa Madina da Makka. Ziyara ce mai sauƙi, kuma ta sa yaran sun shiga sabon jirgin da ɗoki.

Game da ajin manya, na leƙa na gani: kujeru uku ne a jere maimakon huɗu, sun fi faɗi, kuma ana kawo abinci har wurin zama. A tafiyar da ba ta kai awa uku ba ban ga dalilin da zai sa a biya wa yara wannan ƙari ba, sai dai a saya wa dattijo ɗaya da mai kula da shi. Wurin da har yanzu zan iya zaɓar jirgin sama shi ne zangon farko, idan an sauka Jidda da manyan kaya kuma tikitin Madina a haɗe yake da na gida. Ko a nan ma ya kamata a tambayi kamfanin jirgi wane ɓangare na filin za a sauka, domin tashar jirgin ƙasa tana cikin sabon ginin da ake kira Tasha ta 1, wanda aka sauke a can da kaya marasa yawa zai iya turo kekensa har bakin tarago ya isa Madina cikin kimanin awa biyu. Wanda aka sauke a ɓangaren alhazai ko na arewa kuwa sai ya nemi motar da za ta kai shi can tukuna, kuma ya bar tazara mai yawa tsakanin saukarsa da lokacin tikitinsa, saboda layin jami'an shige da fice ba shi da tabbas.